Farin Kwamin Kulu Da Tokar Inna Tabawa

Gwaggo Ladidi,

Don Allah ki taimake ni tun ban aikata abin da zan dawo ina cizon yatsa ba. Ina rubuta takardar nan cikin tsabar fushi. Na san yawanci mata ne ke cika miki fili, masu kuka da miji da masu kuka da dangin miji. To yau ga namiji da gemunsa ya shigo layi, kuma maganar madafi ce ta kawo shi. Kada ki yi dariya tukuna. Maganar madafin nan tana neman kashe auren 'yata, tana kuma neman haɗawa da sunan da na daɗe ina tattali a kasuwar Funtuwa.

Sunayen da zan sa ba su ne na yanka ba, na sauya su don kada a nuna yarinyar da baki. Sauran magana kuwa duk haka ta faru.

Ni ɗan gwanjo ne, rumfata tana bakin tashar mota. Na yi elementare, na iya karatu da rubutu da ɗan Turancin da zai hana a zage ni ina murmushi. Tun da aka sami mulkin kai Turawan kamfanin gurzar auduga suke ta ɗaure akwati ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda zai tafi sai ya yi gwanjon abin da ba zai hau jirgin ruwa da shi ba, ni kuwa ina bakin ƙofa tun kukunsa bai gama share hawaye ba. Kujeru ne, agogon bango ne, keken ɗinki ne, gadon ƙarfe ne, babu wanda bai bi ta hannuna ba. Na sayar wa malaman ofis, na sayar wa fatake, na sayar wa 'yan kamasho waɗanda ke iya sayar wa mutum rigar da ke jikinsa, kuma ba wanda ya taɓa dawo mini da kaya. Ki riƙe wannan.

Bara aka rushe madafan wasu tsofaffin gidaje a bariki za a sāke gini, sai na kwaso kwamin wanke-wanke guda uku. Abin nan ne da kukun Turawa ke ce wa sinki, wanda ake kafawa a jikin bango ƙarƙashin famfo, da ɗan rami a tsakiya inda ruwa ke bi ya fita. Ɗaya na siminti ne, ɗaya na farin ƙarfe mai ƙyalli wanda ba ya tsatsa, na ukun kuwa fari fat kamar dafaffen ƙwai da aka ɓare, ga nauyi, sai ƙarti sun yi nishi kafin su ɗaga shi.

Na simintin na kafa wa uwar yarana a gida, tana dirje shi da burushi yadda ta ga dama, bai ce uffan ba. Na farin ƙarfen na sayar wa Ifeyinwa, matar Donatus makanike, mai sayar da abinci kusa da tashar jirgi. Matar nan manja take tsiyaya masa, da ruwan kifi, da ƙanzon shinkafa, safe da yamma ta murje shi da toka, amma yau in kika leƙa cikinsa sai ki gyara ɗaurin ɗankwalinki. Farin kuwa mutum nawa suka taya na ƙi. Na lulluɓe shi da buhunan auduga a bayan rumfa, na ce wannan na Kulu ne.

Kulu ita ce autata a mata. Da kaka aka ɗaura mata aure da Lawal, malamin gona a Malumfashi. Su suka ga juna suka ce sun ji sun gani, mu namu addu'a ce. Yaron ba zan yi masa ƙarya ba, yana da kirki, kullum yana kan kekensa yana zagaya ƙauyuka da maganar irin auduga da takin zamani. Aibinsa ɗaya, in uwarsa tana magana sai ki rantse an ɗinke masa baki. Uwar, Inna Tabawa, mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ke riƙe da gidan, ko kaza ba ta yin ƙwai a gidan nan sai da saninta.

Kayan ɗaki na yi wa Kulu yadda ake yi: gado mai rumfa, katifa, tasoshi, langa da fanteka jeri a kan jeri. Amma wannan kowane uba yana yi. Ni kuwa so nake a ce an kawo amarya Malumfashi da abin da ba a taɓa gani ba. Kafin ranar jere na ɗauki Jibo birkila muka tafi, ya kafa kwamin a madafin sashenta, ya ɗora duro a kan gini, ya jawo bututu ya sa famfo, ya kuma fitar da ruwan wanke-wanke ta bayan katanga zuwa gindin gwanda. Da aka murɗa famfo ruwa ya zubo, sai ga matan gidan da na maƙwabta sun cika ƙofar madafi, masu guɗa na yi, masu salati na yi. Inna Tabawa ta matso ta shafa shi da tafin hannu, ta ja mayafi ta tambaye ni da me ake wanke wannan abu. Ni kuwa na ƙwanƙwasa shi da zobena ya yi ƙara, na ba ta amsar da kowane ɗan kasuwa zai ba da ranar farin ciki. Na ce wannan ai ya fi dutse, a goge shi da duk abin da aka ga dama, jikokin jikokinta ma ba za su ga ƙarshensa ba. Aka yi dariya, aka sa albarka, na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

To Gwaggo, ina zaune a rumfata ranar kasuwa, ana tsakiyar hada-hada, ina cikin ciniki da wani mutumin Dandume a kan tebur, sai ga Shitu direba, mai motar da ke zirga-zirga tsakanin nan da Malumfashi. Shitu kuwa ko gaisuwa zai yi sai na ƙarshen tasha ya amsa. Bai ja ni gefe ba, bai sunkuya ba. Daga kan matakalar mota ya ɗaga murya ya ce surukata ta aiko shi. Wai in zo in kwashe baƙin ƙarfena kafin salla. Wai fentin da na shafa masa ya kankare, asiri ya tonu. Wai su talakawa ne amma ba a taɓa kawo musu juji a kayan ɗaki ba, in kuma ban zo ba za ta sa a ɓamɓare shi a kai wa awaki su riƙa shan ruwa, tunda awaki ba su san sabo da tsoho ba. Mutumin Dandume ya dube ni, ya dubi teburin, ya sa farce ya kankari gefensa, ya ce bari ya zagayo. Har yau yana zagayowa.

Tun ranar ban huta ba. Duk wanda ya zo rumfata sai ya fito da mabuɗi ko kwabo ya ɗan karci kaya, yana murmushi yana tambaya ko wannan ma irin na Malumfashi ne. Masu shayi sun samu abin hira. Wani ɗan kamasho da ko sunansa bai iya rubutawa ba ya wuce yana ce mini Sarkin Fenti. Ni! Mutumin da in kujera tana da ƙafar da aka ɗaure ni ke juya ta in nuna wa mai saye, don kada gobe ya zo ya tara mini jama'a.

Washegari na hau motar farko na tafi in gani da idona. Na iske Lawal ya fita ƙauye, ko kuwa an ce mini ya fita, Allah Masani. Na shiga madafin. Gwaggo, da ba a gidan surukai nake ba da na ɗora hannu a ka. Abin da na bari yana ɗaukar ido ya koma kalar tokar murhu. Cikinsa duk zane-zane kamar kaji sun yi tono. Manja ya shiga zanen ya zauna, ga wani rawaya-rawaya da ba ya fita. A gindinsa kusa da rami farin ya ɓantare kamar faɗin tafin hannun jariri, ga baƙi ya fito, ga tsatsa ta zagaye shi tana tsiyaya ja. Ramin ruwan kuwa an cusa masa tsumma an danne da dutse, ruwa ya kwanta a ciki yana wari.

Kulu ce ta ba ni labari, tana magana tana leƙen ƙofa. Ashe tun satin farko Inna Tabawa ta ɗauke shi aikinta. Kullum da safe sai ta zo da kaskon toka da yashin rafi da guntun buhu, irin yadda take wa gindin tukunya, ta durƙusa ta dirje shi har ta yi gumi, tana cewa abin surukinta ne, ba za a bar shi ya yi dauɗa a ce ba su san daraja ba. Da ta ga yana dushewa sai ta ɗauka dauɗa ce ta ƙi fita, ta ƙaro yashi. Da azumi ya zo aka ga ai babu mazubi mai faɗinsa a gidan, sai aka toshe ramin ake jiƙa tsamiyar kunu a ciki tana kwana. Ramin ma Inna cewa ta yi ba ta ga hankali a mazubin da aka huda da gangan ba, ruwan da aka ɗebo daga rijiya da ƙarfin ƙirji a ce gwanda ce za ta sha. Ɓantarewar kuwa, ranar da aka yi yanka ne wata ƙanwar Lawal ta ɗora ƙashin ƙafar bijimi a ciki ta sa masa gatari, don an ce ya fi dutse.

Na tambayi Kulu ita tana ina aka yi wannan ta'asa, ita da ta taso tana ganin kayan Turawa a rumfar ubanta. Ta ce ita da tsumma da sabulu take wanke shi, ta kuma ga alamar yashin ba ya yi masa daɗi, amma ta yaya amaryar jiya za ta ƙwace kasko daga hannun uwar miji? Ta gaya wa Lawal, ya ce zai yi magana, maganar tana nan tafe a kan keke. Sai ta sa kuka. Ta ce in yi wa Allah kada in ce komai, wai Inna ba ta taɓa ɗaga mata murya ba, ko nama aka raba sai ta zaɓar mata tsoka, maganar kwamin nan ce kaɗai. Ta riƙe mini gefen riga har zaure.

Inna Tabawa ban gan ta ba. Ta aiko a ce mini tana salla. Na zauna a zaure har na tabbata sallar nan ko ta shekara ce ake ramawa ta isa ƙarewa, na taso. Ko ruwa ba a kawo mini ba, ni da na kawo musu famfo.

Abin da ke ci mini rai, Gwaggo, su suka kashe abu da hannunsu, sannan ni ne macuci. Da an aiko mini a asirce an ce wani abu ya samu kayan nan, zo ka duba, wallahi da na je da fara'ata. Amma a tasha? A bakin Shitu? Kin dai san mayar wa uba da abin da ya sa wa 'yarsa a ɗaki ba ƙaramin zagi ba ne, daidai yake da a ce masa shi da 'yar duka ba su kai ba. Uwar yarinyar ta daina zuwa biki don kada a tambaye ta labarin kwami. 'Yan'uwana maza sun ce in na haɗiye wannan, gobe takalmi za a aiko in zo in ɗauka.

Ga abin da na shirya. Na riga na yi magana da Shitu, tunda shi ya kawo saƙo shi zai kai amsa. Kasuwa mai zuwa zan ɗauki motarsa babu kowa a ciki sai ni da Jibo da ƙarti. Sun ce in kwashe baƙin ƙarfena, to zan kwashe, amma ba shi kaɗai ba. Gado, katifa, langa, fanteka, har tsintsiya, da duron da bututun, sannan 'yata a gidan gaban mota. Tunda kayana juji ne, ai 'yar da ta fito daga gidan juji ba ta dace da su ba. In suna son ta su biyo sawu da manyansu, a zauna a rumfata inda aka yi zagin a warware shi.

Sai dai abu biyu sun tsaya mini a wuya, su suka sa na ɗauki alƙalami. Na farko, baƙin nan da na gani a ƙarƙashin farin. Ni kaina da na gan shi gabana ya faɗi. Na Ifeyinwa yana shan toka kullum yana ƙara kyau, na gidana yana shan burushi, me ya sa wannan da ya fi su tsada ya mutu? Ko ni ma Turawan ne suka yi mini fenti? In haka ne gara in ji daga bakinki kafin in ji daga bakin masu shayi. Na biyu, riƙon da yarinyar nan ta yi wa rigata. Ki faɗa mini gaskiya ko da ɗaci: abin nan yana gyaruwa, laifin wane ne, kuma in tafi da motar ko in fasa?

Ni ne naki cikin ɓacin rai,
Mai Gwanjo, Bakin Tasha, Funtuwa.

*

Malam Mai Gwanjo,

Sannu da ɓacin rai, kuma ka yi kyan kai da ka rubuto kafin ka hau mota. Bari in fara cire maka abin da ya fi tsaya maka. Ba a cuce ka ba, kai ma ba ka cuci kowa ba. Irin wannan kwami haka ake ƙera shi tun daga masana'anta: baƙin ƙarfe ne a ciki, aka lulluɓe shi da farin shafe mai kamar gilashi, aka gasa a wuta. Shi ya sa ya yi nauyi. Ba fenti ba ne. A taƙaice ƙatuwar langa ce. Ka tuna langar da ta faɗi ƙasa ta ɓantare, me kake gani a wurin? Baƙi. Ba kuwa wanda ya taɓa cewa mai langa ya yi ha'inci.

A nan ne aka yi kuskuren. Babu macen da za ta sauko da langa daga jere ta sa mata yashi, Inna Tabawa ma ba za ta yi ba. Amma wannan a madafi aka kafa shi kusa da murhu, sai ta ba shi hukuncin tukunya. Kuma ka yi mini haƙuri, Malam, ta tambaya kafin ta taɓa. Amsar da ka ba ta a kasuwa kowa ya san kirari ne, mai saye yakan rage rabi da kansa. Ita kuwa a gidanta ta ji shi daga bakin surukinta wanda ya san kayan Turawa, ta ɗauke shi umarni. Tsohuwar da za ta durƙusa kullum safiya tana gumi a kan kayan matar ɗanta ba maƙiyiya ba ce. Da ta ga baƙi ya fito, ita ma kunya ta ji a gaban matan da suka yi guɗa, ta ɗauka an yi wasa da hankalinta.

Wannan bai wanke ta daga saƙon tasha ba. Abin da ta yi nan ba daidai ba ne ko kaɗan. Maganar surukai ba ta bi ta bakin direba, kuma barin ka a zaure babu ruwa rashin kyautawa ne. Kana da haƙƙi a ba ka haƙuri, kuma Lawal yana da nasa kason, don da ya buɗe baki tun satin farko da ba a kai nan ba.

Game da kayan, kowanne da halinsa, kuma tunda kana sayar da su ya kamata ka riƙa faɗa wa mai saye. Na farin ƙarfe irin na Ifeyinwa ƙarfe ne ciki da waje, babu shafen da zai kankare, shi ya sa yake jure toka. Shi ma tokar a tankaɗe ta, kada a haɗa da yashi, kada kuma a bar gishiri ko jiƙaƙƙiyar tukunyar baƙin ƙarfe ta kwana a ciki, sai ta bar masa tabo. Na siminti irin na gidanka burushi da sabulu da ruwan kanwa duk abokansa ne, amma tsamiya da lemun tsami suna cin siminti su sa ya riƙa zubar da gari, mai kuma yana shiga jikinsa in ba a wanke da wuri ba. In wata rana ka samu na goran ruwa, irin ƙarfen tukwanen nan marasa nauyi, shi kanwa ce ke baƙanta shi. Mai farin shafe da na tangaran kuwa tsumma ko tattausan soso da sabulu da ruwan ɗumi kawai suke so. Ban da yashi, ban da toka, ban da barin abu mai tsami ya kwana, ban da sara ko daka a ciki, kuma a bar ramin a buɗe ya bushe bayan aiki. In Inna tana jin zafin ruwan, kuma tana da gaskiya, a sa bokiti a bakin bututun a tara mata.

Ƙyallin da yashi ya cinye ba zai dawo ba, kada wani ya yi maka alkawarin haka. Amma kwamin bai mutu ba. A cire tsumman, a bar shi ya bushe sarai. A dama garin soda irin na masu burodi ya yi kauri, a shafa a kan tabon manjan, a bar shi ya jima, a goge da tsumma, a maimaita har ya yi haske. Wurin da ya ɓantare a goge tsatsar da samfefa mai laushi, a nan kaɗai, a ɗiga masa farin fenti mai mai irin na keke, a bar shi ya bushe ƙwarai kafin ruwa ya taɓa. Sannan kafinta ya yi ɗan katako mai tsaga-tsaga daidai gindinsa, tukwane su riƙa zama a kai. Haka zai yi shekaru yana aiki.

Yanzu maganar mota. Ka fasa. Ka nemi dattijon da ya karɓa wa Lawal aure, ka gaya masa duk abin da ka gaya mini, har da amsar da ka ba Inna ranar, don shi ne zai sa ta saurara. Ka ba shi wata tsohuwar langa da ta ɓantare ya kai mata ta duba ita kaɗai a ɗakinta, ba a gaban matan gida ba. Mace ce mai hankali, da ta gani za ta gane, kuma in ba a tsare ta da ido ba saukowa ba zai yi mata wuya ba. Ka ce abin da kake nema biyu ne: Lawal ya tako har rumfarka ya ba ka haƙuri a madadin gidansu, kuma Shitu ya kawo saƙo na biyu da irin muryar da ya kawo na farko. Masu karce maka kaya kuwa ka ajiye irin langar nan a gaban rumfa, duk wanda ya fito da mabuɗinsa ka miƙa masa ita ka yi masa bayani kana dariya. Tasha ba ta daɗewa a kan labari ɗaya.

Bayan haka ka je da Jibo da kayan gyara, ka gai da Inna yadda ake gai da suruka, ka bar Kulu ta nuna wa matan gidan wankin tsumma da izinin tsohuwar.

Abu ɗaya nake roƙonka, ko da dattijon ya yi jinkiri, ko da haƙurin bai zo yadda kake so ba. Kada ka tsaya a tsakar gidan nan ka tambayi Kulu ko za ta biyo ka. 'Ya ce mai biyayya. In ka tambaya za ta ce to, ta ɗauki mayafinta ta hau mota tana kuka, 'yan'uwanka su yi maka barka, ita kuwa ta zauna a ɗakin uwarta tana jiran mijin da take so da tsohuwar da ke zaɓar mata tsoka. Zagin ba ita ta yi ba, kada ya zama ita ta biya.

Allah Ya huci zuciyarka, Ya tsare maka mutuncinka a kasuwa, Ya zaunar da Kulu lafiya a ɗakinta.

Gwaggo Ladidi